Lisansi a Hannu, Sai Ina? Hanyoyin da ke Gaban Ɗaliban Kimiyya na Magarya da Dungas

Daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Gundumar Dungas kaɗai ta ɗauki 342. A cikin mutum 559 ɗin nan, 111 ne aka tabbatar a ɗakin awo, kuma awon ne ya nuna cewa nau'in C na ƙwayar cutar ya fi yawa, sannan hukuma ta san irin allurar rigakafin da za ta nemo. Kafin a kai ga wannan sani sai da wani ya ɗebi ruwan ƙashin bayan majinyaci, wani ya adana shi yadda ba zai lalace a hanya ba, wani ya zauna gaban na'ura ya gane ƙwayar, wani kuma ya tattara alƙaluma ƙauye bayan ƙauye har aka ga inda annobar ta dosa. In aka cire na farko, wanda likita ne ko ma'aikacin jinya, sauran duk aiki ne na wanda ya karanta ilimin halittu, ko na sinadarai, ko lissafi.

Masu irin wannan karatu ba su yi ƙaranci a yankin ba kamar da. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Magarya mutum sama da 570,000, ta ba Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, sama da 350,000, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa take. Kowace shekara yaran Bande, Waca, Sassumburum, Yekuwa, Guci, Malawa da Dogo-Dogo na cin jarrabawar bak a ɓangaren kimiyya, galibinsu a sashen D, su wuce Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, waɗanda aka kafa su duka a 2010, ko su doshi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Bayan shekara uku a takarda, huɗu ko biyar a zahiri saboda yajin aiki da shekarun karatu da ke hawa kan juna, sai yaro ya dawo gida da lisansi. Ran da ya sauka a tasha ake fara yi masa tambayar da babu malamin da ya koya masa amsarta: to, yaushe za a ɗauke ka?

Tambayar ta taƙaita duniya ga hanya guda, wato lambar matirkil ta ma'aikacin gwamnati. Ni kuwa ina ganin tambayar da ta fi cancanta ita ce: me za ka ɗora a kan lisansin nan har ya zama sana'a? Tsarin da jami'o'in Nijar ke bi na lisansi, masta da dakta, shekara uku, biyu da uku, an gina shi ne a kan cewa matakin farko tushe ne. Lisansin kimiyya na gama-gari hatsi ne a zangarniya: abinci ne tabbas, amma sai an sussuka an surfa kafin ya shiga tukunya. Wanda ya karanta ilimin halittu ya san yadda ƙwayar cuta ke hayayyafa, amma asibiti ba zai damƙa masa jinin majinyaci ba sai da takardar horon awo. Wanda ya karanta fiziks ya san dokokin lantarki, amma manomi a garka na son wanda zai ɗora masa faranti da famfo su yi aiki yau.

Alli da allo

Ƙofar da ta fi kowace faɗi ita ce koyarwa. Yawancin masu lisansi na fara wa da hidimar ƙasa ta shekara biyu, wadda ake kira sabis sibik, daga nan su zama malaman kwantiragi a kwalejoji da lise-lise, suna jiran ranar da za a shigar da su cikin ma'aikata na dindindin. Kowa ya san wahalar da ke ciki: kuɗin wata kaɗan ne, yakan makara, ajin na iya ɗaukar yaran da suka fi ƙarfin murya ɗaya, kuma sau da yawa babu ɗakin gwaji ko na nuna wa yara yadda gishiri ke narkewa. Ba zan rage wa wannan kuka komai ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake shiga aikin da niyyar fita. Mushen da ya ɗauki aji a matsayin wurin jiran wata dama ba ya shirya darasi, yaran kuma suna ganewa. A ƙauyukan da ke nesa da kwalta, malamin lissafi ko na fiziks shi ne ya fi kowane wuyar samu, kuma yaron da ya yi shekara biyu a kwaleji babu tsayayyen malamin lissafi ya riga ya yi sallama da sashen C da D tun bai san da su ba. Ta haka ne yanki mai jama'a kusan miliyan guda tun a 2012 ke ci gaba da jiran likita da injiniya daga wani wuri. Wanda ya ga yana da baiwar fahimtar da yara, hanya a buɗe take ya mai da abin sana'a ta gaske: babbar makarantar horon malamai ta ENS da ke Jami'ar Abdou Moumouni na ba da takardun ƙwarewar koyarwa a sakandare, tana horar da masu ba malamai shawara da sufetoci, kuma a nan ne aka kafa cibiyar da Bankin Duniya ya tallafa don inganta koyar da lissafi da kimiyya. Jami'ar Damagaram ma na da tsangayar ilimin tarbiyya. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, akwai kuma wani fage da ke jiran masu kimiyya: rubuta littattafan lissafi da na ilimin halittu da yaron garin Kwaya zai karanta ya gane da harshen da ya tashi da shi. Masanin harshe kaɗai ba zai iya wannan aiki ba.

Lafiya kuwa, babu wanda ya zauna Magarya da zai buƙaci a yi masa bayani. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a asibitin garin, kuma sashen yara na wurin yakan cika ya batse duk damina, lokacin da masassarar cizon sauro ke haɗuwa da tamowa. A watan Satumban 2018 ƙungiyar ta bayyana cewa kimanin yara goma ke mutuwa a kullum a sashen. Aikin da ke bayan gadajen nan ya wuce na likita da nas: akwai awon jini da ajiyarsa, akwai tsaftar ruwa, akwai lissafin magani, akwai masu bin alƙaluman rabon maganin rigakafin masassara na damina gida-gida. Mai lisansin ilimin halittu ko na sinadarai da ya ƙara da horon awon asibiti, ko mastan abinci mai gina jiki, ko na lafiyar jama'a da bin sawun annoba, ya shiga sahun da ake nema. Makarantar ENSP ta Damagaram da cibiyar ISP ta Yamai na cikin wuraren da ake samun irin wannan horo. Mai sha'awar bincike kuma ya dubi cibiyar CERMES ta Yamai, da cibiyar Epicentre ta Maraɗi, wadda ta gudanar da gwajin rigakafin gudawar yara mai jure zafi a gundumar Madarunfa, aka fitar da sakamakon a 2017. Ɗaruruwan ma'aikata ƴan ƙasa ne suka riƙe wannan gwaji, daga masu awo har masu shigar da bayanai a kwamfuta. Sai dai a sani, aikin furoje na da wa'adi, kuma kuɗin agaji na duniya ya ja baya ƙwarai a 2025. Wanda ya samu ya yi ƙoƙarin fita da ƙwarewa da takardar shaida, kada ya fita da babur kaɗai.

Abin da gona ke tambaya

A nan ne nake ganin yankin ya fi kowane wuri abin ba ɗansa mai ilimi, kuma a nan ne aka fi kau da kai. Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Magarya da rani ya ga gonaki cike da gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ba gwamnati ta dasa su ba. Manoma ne suka daina sare tohon da ya fito da kansa, suka riƙa zaɓa suna gyara shi lokacin sassabe. A 2006 Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi nazarin abin a gundumomin Magarya, Matamaye da Mirya, suka ƙiyasta cewa ya shafi kusan hekta miliyan guda. Daga baya aka ƙiyasta hekta miliyan 5 a faɗin ƙasar, kuma labarin ya zaga manyan tarukan duniya kan kwararowar hamada. Ɗalibai daga Turai da Amurka sun sami digiri a kan gonakin nan. Me zai hana ɗan mai gonar, wanda ya san sunan kowane tsiro tun yana bin awaki, ya zama shi ne masanin da ake tambaya? Tambayoyin ba su ƙare ba: gawo nawa hekta ke ɗauka kafin amfanin ya tsaya, me ke faruwa da tsofaffin itatuwa in babu matasa masu maye gurbinsu, yaya za a raba amfanin itace tsakanin manomi da makiyayi.

Akwai misali kusa, a Maraɗi, na yadda ilimin halittu ke komawa abinci a rumbu. Farfesa Ibrahim Baoua, masanin ƙwari, na cikin waɗanda suka gwada buhun nan mai riɓi uku na ajiyar wake ba tare da magani ba, wanda aka fara yaɗawa a 2007 tare da Jami'ar Purdue ta Amurka. Iska ce buhun ke hana shiga, ƙwaron ya mutu da kansa. Shi da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta INRAN sun kuma yi aiki a kan wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke kashe tsutsar zangarniyar hatsi, wadda manoma ke kira murzuna. Ana kiwonsa a ɗaki, a sa shi cikin ƙananan jakunkuna, a rataya a gonaki daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai. Kiwon ƙwaron ba ya son babban jari. Yana son tsafta, da kiyaye lokaci, da mutumin da ya san rayuwar ƙwari. Wannan sana'a ce da mai lisansi zai iya kafawa a Dungas ya sayar wa ƙungiyoyin manoma. Haka ninka iri mai tabbaci na hatsi, wake, gyaɗa da riɗi, wanda ke da dokoki da masu duba gona, kuma farashinsa ya ɗara na hatsin ci.

Sai ruwa. Kwarin Korama ya ba yankin abin da yawancin Nijar ba ta da shi: ruwa kusa da ƙasa, wanda ya sa ake noman rake, rogo, kabeji, albasa da tumatir da rani. Amma rijiyoyin burtsatse na ƙaruwa, famfuna na ƙaruwa, kuma a wasu fadamu kanwa na tasowa ta cinye garka. Wa ke auna zurfin ruwan shekara bayan shekara? Wa ke auna abin da ke cikinsa? Mutanen Tibiri ta Gobir sun san tsadar rashin wannan awo: daga tsakiyar shekarun 1980 yaran garin suka sha ruwan famfo mai ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da kima, ƙasusuwansu suka lanƙwashe, kuma sai bayan shekaru aka gano dalili. Awo guda na mai ilimin sinadarai da an yi shi a kan kari da ya tsare yara masu yawa. Mai lisansin ilimin ƙasa da duwatsu ko na sinadarai na iya ɗorawa da mastan ruwan ƙarƙashin ƙasa a Yamai, ko ya nemi cibiyar AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a Yamai a 1974 don horo kan yanayi, ruwa da kare amfanin gona, ko makarantar 2iE ta Wagadugu in aljihu ko tallafi ya ba da dama. Tsangayar noma da muhalli ta Maraɗi ita ce mafi kusa da gida, kuma cibiyar ICRISAT ta Sadore na karɓar ɗalibai masu binciken kammala karatu.

Masu fiziks su ma suna da nasu gadon. Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa ne a 1929, kuma rayuwarsa ta ƙare a kan yadda za a mai da zafin rana abin amfani. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, kowa ya ga hikimar mutumin. Yau farantin hasken rana ya shiga kasuwannin ƙauye, amma galibin masu haɗawa da ka suke yi, shi ya sa batir ke mutuwa kafin lokacinsa, famfo ya ƙone. Wanda ya iya lissafin nauyin wuta ya kuma yarda ya yi wata shida yana bin gwanin gyara da filaya a hannu ba zai rasa mai kira ba. Mai son zurfafawa kuma, shirin WASCAL da Jamus ke tallafawa na da reshe a Jami'ar Abdou Moumouni a kan makamashi da sauyin yanayi.

Matatar man SORAZ da ke arewa da Damagaram ta fara aiki a Nuwamban 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, bututun da ya kai ɗanyen man Agadem gaɓar tekun Benin kuma ya fara aiki a 2024. Kowane ɗalibin sinadarai na mafarkin matatar. Mafarkin halal ne, amma harkar mai na cin jari mai yawa ta ɗauki mutane kaɗan, kuma injiniya da ƙwararren ma'aikaci take nema. Mai wannan buri ya nemi shiga makarantar EMIG ta ma'adinai da masana'antu a Yamai.

Tsallaka iyaka

Daga Magarya, Kano ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma mutanen yankin sun saba da Maigatari, Ɓaɓura da Daura tun kaka da kakanni. Abin mamaki ne yadda ake tsallakawa cin kasuwa da neman magani amma ba a cika tsallakawa neman masta ba. Jami'ar Bayero na da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa da cibiyar lafiyar al'umma, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da cibiyar cututtukan da aka yi watsi da su. Dukansu na cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa, waɗanda aka ɗora wa sharaɗin ɗaukar ɗalibai daga maƙwabtan ƙasashe. Ƙasar Jigawa da ta Magarya iri ɗaya ce, cutar ɗaya ce, manomin da za a yi wa tambaya Hausa yake ji. Cikas biyu ne. Na farko Ingilishi, wanda shekara guda ta himma ke isa a karya lagonsa, kuma ko wanda bai bar Nijar ba yana buƙatarsa, domin da shi ake buga yawancin binciken kimiyya. Na biyu, digirin farko a Najeriya shekara huɗu ne, don haka jami'a na iya neman mai lisansi ya fara da difloma ta gaba da digiri kafin masta. Gara a rubuta wa sashen a tambaya tun kafin a sayar da rago. A kuma tuna cewa iyakar ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, abin da ya wahalar da ɗaliban ɓangarorin biyu.

Can nesa kuma, cibiyar AIMS ta Senegal na ɗaukar masu lissafi da fiziks karatun masta kyauta, sai dai takan nemi wanda ya yi shekara huɗu a jami'a, wato ya gama shekarar farko ta masta. Jami'ar Tarayyar Afirka na da reshen ruwa da makamashi a Tlemcen ta Aljeriya, da na ilimin halittu da ƙasa a Ibadan, duka da tallafi. Maroko, Aljeriya, Turkiyya da Sin na ba da guraben karatu, wasu ta hannun hukumar ANAB mai kula da bursin ɗalibai, wasu kai tsaye ta intanet. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke sayar da gurbi, saboda haka duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo wa yaro bursi, a yi hattara da shi. Haka makarantu masu zaman kansu da suka yawaita a birane: kafin uba ya sayar da gona, a tabbata gwamnati ta amince da fannin, in son samu ne ma hukumar CAMES ta amince da takardar.

Ƴan mata na da nasu ƙarin nauyi. A ƙasar da kusan uku cikin huɗu na mata ke aure kafin shekara 18, yarinyar garin Dan Cawo da ta kai lisansin kimiyya ta riga ta haye abin da ya tsayar da dubbai, kuma galibi a daidai nan ake ce mata ya isa. Aure ba ya hana masta in an yi maganar tun wajen neman aure, iyaye suka sa baki. Kusancin Damagaram da Maraɗi ya rage uzurin nisa, cibiyoyin da na ambata na ware wa mata gurabe, ƙungiyar OWSD kuma na ba matan ƙasashe irin Nijar tallafin karatun dakta. Sashen awo da na haihuwa a asibitocin yankin na buƙatar matan da uwa za ta sake da su ta faɗa musu gaskiyar abin da yaro ke ci.

Abin da ke kayar da yawancin ɗaliban yankin a masta shi ne kuɗin bincike. Yaro na iya jure kuɗin rajista da na ɗaki, amma awon samfurin ruwa hamsin ko zagaya ƙauyuka ashirin ya fi ƙarfinsa, sai ya zaɓi batun da zai rubuta daga ɗakin karatu a Yamai. A nan ƙananan hukumomi goma sha ɗaya na gundumomin biyu, da ƙungiyoyin ƴan asalin yankin mazauna Yamai da Kano, da manyan ƴan kasuwar riɗi da dabbobi ke da abin yi wanda bai kai kuɗin gina aji guda ba. Kowace ƙaramar hukuma ta fitar da tambaya guda da ke damunta, kanwar da ke cin garake a nan, ingancin ruwan rijiyoyi a can, ta ɗauki nauyin ɗalibi guda ya bincika, da sharaɗin ya zo ya bayyana sakamakon da Hausa gaban jami'an ƙaramar hukumar da manoma, ya kuma bar kwafi a ofishin magajin gari.